Irin Futi a Tukunyar Kiroda

Shekara takwas tukunyar nan tana rataye bisa murhun Kiroda, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin, kuma duk gidan ba wanda ya isa ya kai mata hannu. Irin audugar futi ne a ciki, kowace ƙwaya da gashinta. An shafe cikin tukunyar da man shanu, an liƙe bakinta da yumɓu, yadda kowane gida a ƙauyen Kusumdi yake ajiye nasa tun kaka da kakanni. Ba a fasa yumɓun sai ranar shuka, ita kuwa ranar shuka ta ƙi zuwa.

Wanda bai san futi ba sai ya ce ai auduga auduga ce. To, bai san komai ba. Futi ba ta yarda da kowace ƙasa sai ɗan tsirin nan na bakin kogin Megna, inda ruwa yake hawa da damina ya sauka ya bar laka. Da zarenta masaƙan birnin Dakka suke saƙa mayafin da ake shimfiɗawa kan ciyawa da safe, in raɓa ta jiƙa shi a neme shi a rasa. Kiroda ta kama mazari tana 'yar shekara tara. Kafin rana ta fito take shiga kwalekwale da ƙawayenta su tsaya a kan ruwa, don zaren futi ba ya jure busasshiyar iska. Ta kai matsayin da dillali zai ɗaga zare a rana ya ce, "Na uwar Madob ne," bai tambayi kowa ba.

Sai jiragen Turawa suka fara sauke zaren inji a bakin ruwa, dami-dami, da arha kamar kyauta. Masaƙa suka koma kansa, waɗanda suka ƙi kuwa suka jingine kayan saƙa suka ɗauki fartanya. Dillalai suka ɗauke ƙafa. A shekarar da mijinta ya mutu, ta cire awarwaro ta ɗaura farin zanen takaba, ɗanta Madob ya zo ya tsugunna gabanta.

"Ma, bana dai kawai. Bari in zuba shinkafa a gonar bakin ruwa. Baɗi sai mu koma wa futi."

Ta yarda, don ciki ba ya cin auduga. Baɗi ta zo ya sake cewa bana dai kawai. Haka ya yi ta faɗa har maganar ta gaji da kanta, ya daina ma faɗa.

A shekara ta uku ne Bindu, matar Madob, ta yi ƙarfin hali. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ma, da mun ɗebi ko cikin tafi ɗaya mun zuba a bayan madafa duk shekara. Don kada ya tsufa."

Kiroda ta dube ta sama da ƙasa. 'Ya'ya uku Bindu ta haifa a gidan, amma har yanzu Amarya take ce mata.

"A bayan madafa, Amarya? Inda kike watsa ruwan wanke-wanke? Barkono ce aka ce miki? A gidanku haka ake yi, a fasa tukunya ba fitila ba guɗa, kamar ɓarawo ya shigo?"

"Na dai ce ne."

"To kin ce. Koma kan shinkafarki."

Kiroda tana da baki, kuma tana da girman kai wanda ya fi ƙarfin jikinta, wannan kowa ya sani. Amma ba wauta ce kaɗai ta sa ta yi wannan tsawa ba. Hankalinta a kwance yake. Kowa a Kusumdi yana cewa tsoho Nobin na ƙetaren kogi bai taɓa fasa shuka futi ba. In ma nata ya yi rauni, ai na Nobin yana nan.

Daminar shekara ta tara zazzaɓi ya kwantar da ita. Kwana goma sha biyu ba ta san inda take ba, bakinta ba ya faɗin komai sai futi. Tana kiran dillalan da suka daɗe da mutuwa, tana yi wa Bindu faɗa wai ta bar rana ta fito ba ta tashe ta ba. Madob ya tsorata. Ya kama ƙafafunta biyu ya rantse cewa in ta tashi, gonar bakin ruwa tata ce bana.

Ta tashi kuwa. Amma duk gidan an san shinkafar gonar nan ita ke riƙe su wata huɗu a shekara.

Da ruwa ya sauka laka ta yi daidai, aka share madafa aka kunna fitila. Matan maƙwabta suka shigo suka rangaɗa guɗa, Madob ya hau turmi ya sauko da tukunyar. Kiroda ta fasa yumɓun da kanta. Warin tsohon mai ya bugi hancinta, ta yi kamar ba ta ji ba. Aka jiƙa irin, aka shuka shi layi-layi, ita tana tafe a bayan ɗanta tana gyara masa hannu kamar yau ya fara noma.

Futi takan leƙo a kwana biyar. Kwana bakwai ba komai. Ranar kwana goma Kiroda ta durƙusa ta sa yatsa ta tono ƙwaya ɗaya, ta matse ta, sai ta fashe ba komai a ciki sai baƙin ruwa. Ta tono wata, ta tono wata, har ta kai ƙarshen layi da rarrafe. Madob yana tsaye a kanta.

"Kada ka tsaya kana kallona kamar saniya," ta ce. "Lakar nan tana da sauran kwana goma kafin ta bushe. Ai ba mu kaɗai ne da tukunya ba."

Ta bi Kusumdi gida-gida da sandarta. Abin da ta gani ya fi ruɓaɓɓen irin ciwo. Kusan kowace madafa da baƙar tukunyarta a rataye, a liƙe, ana share mata yana, ana sa mata fure ranar biki. Wannan shekara bakwai, waccan tara, wata ma sha ɗaya. Duk gidan da ta shiga magana ɗaya ce.

"Haba uwar Madob, ai mu da muka ga taku tana nan sai muka ce ba komai."

"Ni kuma na ce ta wa tana nan?"

"Ta Nobin mana."

Washegari ta sa Madob ya tuƙa ta zuwa ƙetare. Ta tarar da Nobin a zaune bakin ƙofa yana tauna ganyen pan, goron mutanen ƙasar, da dasashi, idanunsa sun yi fari. Matarsa Horimoti tana gefe tana fere kabewa. Tare suka yi 'yan matanci da Kiroda, kwalekwale ɗaya suke shiga kaɗi.

"Wa nake ji haka da muryar faɗa tun daga bakin ruwa?" in ji Nobin. "Uwar Madob, ashe ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ka wuce gaba ka share mini hanya, Yaya Nobin. Ina gonar futinka?"

Tsohon ya yi dariya har ya ƙware. "Gonar futi? Shekara biyar rabona da ita. Yara sun ƙi. Ni kuwa na ce duk duniya in ta bari, Kiroda ba za ta bari ya mutu ba."

Kiroda ta zauna a ƙasa. Ta gaya masa abin da ta tono a gonarta da abin da ta gani a madafan Kusumdi. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya juya wajen matarsa.

"Ke, sauko da tukunyar."

Iri ba ya barin gidan da aka ajiye shi, balle ya ƙetare kogi. Kiroda ta san girman abin da ya yi. Amma Horimoti ba ta motsa ba.

"Ka ji, bar ta a inda take," ta ce a hankali. "Shekara biyar fa. Shi ma ya mutu. Me za a wahalar da mutane?"

"Ji mini rowa!" in ji Kiroda. "Ƙawata, tun muna yara haka kike, ko allin shafa yatsa ba kya ba mutum aro. Za ki tafi da ita lahira ne?"

Horimoti ta ajiye wuƙar, ta shiga ta sauko da tukunyar, ta miƙa wa Madob ba tare da ta dubi kowa ba.

Kwana biyar cif da shuka irin, gonar bakin ruwa ta yi kore.

Ba a taɓa ganin murna irin wannan a Kusumdi ba. Tsofaffi suka riƙa zuwa da sanda suna tsayawa bakin gona suna share ido. Madob ya kafa rumfa yana wuni yana korar awaki. Da tsiron ya kai gwiwa Kiroda ta lura karansa bai yi ja sosai yadda ta sani ba. Ta ce wa kanta ai shekara takwas ƙasar tana cin shinkafa, dole ta canja. Da ya yi fure ta ga ganyen kamar ya ɗan fi faɗi. Ta ce idonta ne. Mutum in yana son abu, shi da kansa yake rufe wa kansa ido.

A gida kuwa tukunyar shinkafa tana ta raguwa. Bindu ta koma dafa ruwa-ruwa sau ɗaya a rana, tana haɗawa da ganyen da take tsinkowa bakin tafki. Yaran suka daina guje-guje. Madob ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma bakinsa har kunne.

"Ma, in labari ya kai Dakka cewa futi ta dawo, za ki ga dillalai. Ko biyu ne suka rage za su zo."

Da zafi ya shigo auduga ta fashe, aka tsince ta da safe. Kiroda ta fito da kayanta daga cikin tsumma: muƙamuƙin kifi mai ƙananan haƙora na taje auduga, da siririn mazarin ƙarfe, da ƙwaryar katantanwa da ake kafa shi a ciki, da ɗan alli. Tun asuba Bindu ta tuƙa ta zuwa tsakiyar ruwa.

Tana ɗaukar ƙwaya ta farko ta ji bambanci. Futi tana manne wa irinta, sai an yi da gaske take saki. Wannan kuwa tana ja ta taho. Ta taje, ta shafa alli, ta murza mazari. Zare ya fara fita, mai kyau, irin wanda kowace mace za ta yi alfahari da shi a kasuwa. Ta ƙara jan sa don ya sirance ya kai inda ta sani, sai ya tsinke. Ta ƙulla, ya tsinke. Ta ɗauki guntun ta sa a harshe. Zaren futi in ya ji ruwa ƙara tsukewa yake yi. Wannan kumbura ya yi.

"Ma, rana ta fito," in ji Bindu. "Kin daɗe ba ki yi mai siriri ba. Gobe hannu zai tuna."

Gobe ta zo, jibi ta zo. Rana ta uku Kiroda ta ƙulle ɗan audugar a bakin zanenta ta ce a ƙetare za a sauke ta.

Ta sami Horimoti ita kaɗai a madafa. Ba ta gaishe ta ba. Ta kama hannunta, ta buɗe tafin, ta sa mata audugar a ciki ta rufe. Horimoti ba ta ko murza ba, hawaye suka zubo.

"Na ce a bar ta, ƙawata. A gabanki na ce."

"Ki gaya mini."

"Shekarar babbar guguwa, wadda ta kwashe rufin rabin garin nan. Madafa ta faɗi, tukunyar ta fashe, ruwa ya kwana uku a kai. Da na tono shi ya riga ya yi tsami. Shi kuma yana kwance da zazzaɓi, duk ya farfaɗo sai ya ce tukunya fa? Kullum cewa yake ranar da irin nan ya mutu shi ma ya gama. Wani mai jirgi ya zo da audugar tudu, na saya na cika sabuwar tukunya, na liƙe, na yi ta turara ta da ɗanyen itace har ta yi baƙi. Bai taɓa sani ba."

"Da muka ɗauka fa? Kina kallo ɗana ya bar shinkafarsa!"

"Na ce ba zai fito ba. Na rantse na yi ta roƙon kada ya fito." Ta share hanci da gefen zane. "Kuma duk shekarun nan ban damu ba, don na ce ai naki yana nan."

Kiroda ta buɗe baki, duk zagin da ta tanada tun daga tsakiyar kogi yana kan harshenta, amma ko ɗaya bai fito ba. Wa za ta zaga? Ita kanta haka ta ce game da na Nobin. Daga waje suka ji Nobin yana tambaya wa ya zo, ko uwar Madob ce ta kawo masa zare ya taɓa.

"Kada ki gaya masa," in ji Horimoti, ta kama ƙafarta. "Tun da aka ce ta fito yake cin abinci."

Kiroda ta fita ta ƙofar baya. A cikin kwalekwale ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka ƙona gawar mijinta bisa al'adarsu. Mijinta ya bar ɗa. Futi ba ta bar komai ba, kuma ba fari ba ne ya kashe ta, ba ambaliya ba, ba ma zaren Turawa ba. A saman murhu ta mutu, cikin tukwanen da ake sa wa fure. Bindu ta yi ta tuƙi har gida.

Da suka iso, tsakar gida cike take da mutane. Labari ya zaga ƙauyuka biyar. Mata sun zo da sababbin tukwane shafe da man shanu, wasu sun riƙo shinkafa a ƙullin zane don godiya, Madob yana zaune kan tabarma yana auna wa kowa iri da tafin hannunsa. Yaran suna gefe suna cin dafaffiyar shinkafa mai kauri, karo na farko cikin wata huɗu.

"Bana kowa zai shuka," yake cewa. "Ba sauran a ce na wane yana nan."

Ya hango uwarsa, ya tashi ya taho. Ya ga idanunta. Ya rage murya, amma tsakar gidan ta yi tsit, kowa yana ji.

"Ma, Bindu ta ce zaren yana tsinkewa. Wasu a nan suna ƙus-ƙus wai karan bai yi ja ba." Ya ƙara matsowa. "Ke kaɗai kika rage da za ki faɗa. Ita ce?"

Kiroda ba ta taɓa ɓoye gaskiya don a ji daɗi ba. Ta faɗa wa dillalai, ta faɗa wa surukarta, ta faɗa wa mijinta har a gaban mutane. Ta dubi wuyan ɗanta da ya zama kamar kara, ta dubi tukwanen da aka jera. Ta san ko ta faɗa ba wata futi da za ta fito daga ƙasa. Abin da zai rage kawai shi ne Madob ya sa 'ya'yansa yunwar wata huɗu a kan audugar tudu, a gaban ƙauyuka biyar.

Ta ɗaga hannayenta biyu, kowa ya ga yadda suke rawa.

"Ita ce," ta ce. "Hannuna ne ya tsufa."

Aka saki numfashi, wata ta rangaɗa guɗa. Madob ya yi dariya, ya durƙusa ya taɓa ƙafafunta.

"Ai na faɗa wa Bindu! Shekara sittin da wani abu, Ma, me ake so ki yi? Ki huta kawai. Masu ido za su karɓa."

Ya zare mazarin daga bakin zanenta a hankali, cikin ladabi, ya miƙa wa matarsa. Bindu ta tsaya tana kallon surukarta, ta daɗe kafin ta karɓa.

Kiroda ta yi shekara huɗu a duniya bayan wannan. Kowace shekara ana shuka audugar a bakin Megna, ana kiran ta futi, 'yan mata suna kaɗa ta da kauri suna cewa da haka take tun asali, labarin mayafi da raɓa ƙarin gishiri ne na tsofaffi. Takan zauna bakin ƙofa tana jinsu. Ba wanda ya ƙara kawo mata auduga ta taɓa ta faɗi ko mai kyau ce.